Tanderun Yaya a Bayan Rumbu

Abin da na mallaka a duniya a shekarar nan ba shi da wuyar ƙirga. Auduga kwando arba'in da biyu a rumbu guda a bayan gari, wadda na bi ƙauyuka na saya da kaka, ina jiran masaƙan Maska su matsu. Damin kara da na ciyawar jinka wajen ɗari, na jibge su kewaye da rumbun, don na san kafin damina kowa zai nemi abin gyaran ɗaki da danga. Sai jaki ɗaya. Tanderun kuwa na Yaya ne, amma a gidana yake, kuma shi ne duk gari ya ce zai cinye mu.

Yaya ita ce babba a ɗakinmu. Ta yi aure a Kano, mijin ya rasu, ta dawo garinmu da ke tsakanin Kafur da Malumfashi da kaya kaɗan da sana'a guda, wato gurasa. Tanderun nata wata ƙatuwar tukunya ce da ake binne rabinta a ƙasa. Takan niƙa alkama, ta kwaɓa da ragowar kwaɓin jiya, ta rufe sai ya kumbura. Sannan ta hura wutar kara a cikin tanderun har cikinsa ya yi fari, ta jiƙa hannu ta riƙa manna kwaɓin a jikinsa. Gashin hannunta na dama tuni ya ƙone bai sake fitowa ba. A garinmu babu wanda ya iya wannan aiki sai ita, kuma ta san da haka, ba ta bari a manta.

Mu mutanen yankin nan mun saba da wuta. Da ciyawa ta bushe bayan kaka, sai a fara hango hayaƙi a daji. Maguzawan da ke maƙwabtaka da mu su ce makiyaya ne ke neman sabon tsiro, makiyaya su ce maharba ne ke korar gafiya, maharba su ce su ma gani suka yi. Kowane gida yana ajiye tulu cike da ruwa da ɗanyen reshe a bakin zaure. Wanda bai taɓa kashe wuta ba a garinmu, to bai fara tafiya ba.

A shekarar, wutar wata mai ƙosai ta kama danga ta cinye ɗaki uku. Mai gari ya sa aka yi shela cewa daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da iska ke kaɗawa, kada a ga hayaƙi a cikin gari. To, kwaɓin Yaya da hantsi yake tashi, ba ya jin shela. Kwana biyu ta hura abinta, rana ta uku sai ga mai shela a zaurena, wani tsoho mai raunin gani, ya ce mai gari ya ce a fasa tanderun, kuma ya koma masa da shaida.

Na shiga na gaya wa Yaya. Ta ce in fara fasa kanta tukuna. Ni kuma na tsaya na yi tunani irin na ɗan kasuwa. Baƙon namiji ba ya wuce zaure, kuma duk garin babu namijin da ya taɓa ganin tanderu da idonsa, ci kawai suka sani. A bayan ɗaki akwai tsohuwar randa da ta tsage tun bara. Na shafe ta da baƙin tukunya ciki da waje, na ɗauki taɓarya na rafka mata yadda za a ji daga zaure. Yaya ba a koya mata ba ta saki salati tana tsine mini. Na kwaso gutsattsarin a faifai na kai. Mai shela ya shafa, ya shinshina, ya ce lallai wannan abu ya sha wuta, Allah ya raba mu da sharrinsa.

Ranar kasuwar Malumfashi, da gari ya watse, muka haƙo tanderun gaskiya, muka ɗora wa jaki a mangala, muka rufe da buhu, muka binne shi a bayan rumbuna. Ban so ba. Wuta kusa da auduga ba hankali ba ne, amma nan ne kaɗai filin da yake nawa, kuma cikin gari kawai shelar ta hana hayaƙi. Na kafa mata sharaɗi: dami ɗaya na kara a rana, kuma ta share wurin. Wanda ya tambayi hayaƙi sai in ce gara nake kora.

Sayarwa ce ta zama aikina. Tunda tanderu ya fashe, gurasa ba za ta fito daga gidanmu ba, sai na ce fatake ke kawo mini daga Kano, na kuma ƙara mata kuɗi saboda wahalar hanya. Mutane suka yi ta saye. Har da masu tare ni su ce ta Kano daban ce, ta Yaya ba ta kama ƙafarta ba. Nakan kawo mata wannan labari da yamma don in ga fuskarta. Mai shela ne kaɗai ya taɓa riƙe gurasar a hannu ya ce, "Malam, Kano ta matso kusa bana. Har da ɗuminta."

Na ce fataken akwai sauri. Na ƙara masa guda.

Abin da ban lura da shi da wuri ba, damunan karana na ta raguwa fiye da yadda muka yi. Yaya ta kawar da na gaba-gaba ta bar su a tsaye, tana zarar na baya. Dami uku take ƙonawa a rana, wani lokaci huɗu, don ni da kaina na sa ciniki ya ƙaru. Da kara ya ƙare ta koma kan ciyawar jinka, da ta ƙare ta bi ciyawar da ke tsaye a filin tana tugewa. Ga tsoron kada tartsatsi ya tona mana asiri, kullum sai ta share ƙasar tas. Ranar da na zagaya baya na gani, wurin ya zama kamar masussuka. Muka yi faɗa sosai. Na ce ta ƙone mini ribar damina. Ta ce in tambayi fataken Kano, su suka ƙone.

Kwana huɗu bayan faɗan, da azahar, wutar daji ta taso daga gabas. Ina zaure na ji ana kuwwa. Kafin mu fita da tuluna da rassa, ta riga ta tsallake rafi ta shiga filin rumbunan bayan gari, inda rabin gari ke ajiya. Iska na tura ta, tana ƙara kamar ana sussuka. Na hango Yaya tana tahowa da gudu, zane a hannu, kwaɓi har gwiwar hannu. Ba zan ɓoye muku ba, da na ga ta tsira, abin da ya zo mini a rai kwando arba'in da biyu ne. Muka tsaya a bakin gari muna dukan wutar da ke neman dangogi, babu wanda ya isa ya kusanci rumbunan.

Da ta wuce muka shiga, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Rumbu biyar sun tafi, duka waɗanda aka jingina wa kara ko aka bar ciyawa a gindinsu. Rai dai bai salwanta ba. Nawa yana tsaye a tsakiyar farin fili, baƙin toka ya kewaye shi ya tsaya daidai inda tsintsiyar Yaya ta tsaya. Sauran damunan da ta bari a gaba don ruɗina su ne suka kama, amma ta riga ta janye su nesa da rumbun.

Mai gari ya zo da dattawa yana duba ɓarna. Ya tsaya a filina ya ce ga mutum mai hangen nesa, kowa ya yi koyi da ni. Na sunkuyar da kai na karɓi yabon, har na fara bayanin yadda na daɗe ina tunanin wannan dabara. Sai na ga hancinsa yana motsi. Ya bi ƙamshin ya zagaya bayan rumbu, ya ɗaga faifan da ke rufe da bakin tanderu. Gurasa takwas na manne a ciki, sun yi ja daidai ci.

Ya tambaya mene ne wannan. Mai shela ya riga ni amsawa.

"Ranka ya daɗe, Kano ce."

Mai gari ya ɓamɓaro guda ya ci a tsaye, bai yi dariya ba sai da ya cinye. Ya yanke cewa tanderu ya zauna inda yake, Yaya ta riƙa kwasar kara da ciyawar gindin duk rumbunan gari kyauta, ni kuma, saboda randar da na mayar tanderu, in ba da jinkar sake rufa rumbu biyar ɗin. Jinkar da ba ni da ita. Sai da na je ƙauyen Maguzawa na sayo, su kuma sun ji labari, ba su rage mini komai ba.

Da damina ta kusa, masaƙan Maska suka zo suka kwashe audugar yadda nake so. Ba arba'in da biyu na sayar ba, arba'in ne, don Yaya ta zare kwando biyu ta ce ladan shara. Na rasa dami ɗari, da randa guda wadda dama a tsage take, da cinikin gurasar Kano, don daga ranar Yaya ta koma sayar da abinta da kanta a kan farashin da na ɗora, ba ta sauke ba. Na tsira da auduga da jaki. Na auna ta kowace fuska, ban faɗi ba, amma Yaya ta fi ni riba.