Kujerar Mama Rifkatu

A watan nan Mama Rifkatu ta cika shekara bakwai da barin duniya. Ba 'yar'uwata ba ce ta jini, addininmu ma ba ɗaya ba. Ita Mumuye ce, mu kuwa kakanninmu daga Zariya suka zo Jalingo da ɗinki. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a unguwar Yelwa, kuma ta saman katangar nan muka yi shekaru muna miƙa wa juna gishiri da rake da labari. Ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Abin da na gani zan faɗa.

Lokacin da 'yata Hajara take da cikin fari, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Asibitin unguwarmu ranar Talata da safe yake awon ciki. Sau uku Hajara tana shiri, sau uku ba ta je ba. Malamar asibiti, Sista Ladi, ta gaji da ganin benci babu kowa, har ta kai ƙara wurin mai unguwa cewa matan Yelwa ba sa son awo. Liman ya yi magana a masallaci, fasto ya yi a coci, aka manna takardu a bango. Talata ta zagayo, benci yana nan yadda yake.

Mama Rifkatu shara take yi a asibitin, ba ta da wani muƙami sai tsintsiya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata Talata ta gama shararta da wuri, ta bi unguwa tana neman matan, sai ta same su duka a bakin rijiyar burtsatse, masu ciki da masu goyo, kowa da jarkarta a layi. Hajara tana cikinsu, zaune a kan bokiti. Ashe Malam Buba mai kula da injin ruwa sau biyu kawai yake kunna shi a mako, don injin ya tsufa ba ya jurewa, kuma Talata da safe tana ɗaya daga ciki. Wadda ta tafi awo, gidanta zai kwana uku babu ruwa.

Ita ce ta matsa wa mai unguwa har ya kira zama a wani aji na makarantar firamare, ranar Asabar bayan la'asar. Sista Ladi ta zo, liman da fasto suka zo, hedimasta ya buɗe ajin, shugaban 'yan keke ma ya leƙo. Ni an kira ni ne don in rubuta abin da aka ce, tunda na fara iya haɗa baƙi. Ana cikin yi wa mata faɗa a bayan idonsu, sai Mama Rifkatu ta shigo da 'yar kujerarta ta tsugunno, ta ajiye a tsakiyar aji, ta koma gefe ta tsaya.

Mai unguwa ya ce, "Mama, zauna mana."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne. Na wanda ba a kira ba ne. Mace ba zai bar ruwa ya je awo ba. Ina mai ruwa?"

Haka Hausarta take, ba ta damu da mace ko namiji ba, amma ba a taɓa kasa gane ta ba. Aka aika aka kira Malam Buba. Ya zo hannunsa duk baƙin mai, ya zauna a kujerar, gwiwoyinsa na taɓa haɓa, ya saurara. Da ya gane zancen sai ya riƙe baki ya ce, "Yo ni wa ya taɓa gaya mini ranar awo? Ni da ba na ɗaukar ciki!" Aka kwashe da dariya har liman. A nan take ya mayar da ruwa Laraba. Shugaban 'yan keke, don kada a bar shi a baya, ya ce yaransa za su riƙa tsayawa a bakin masallaci da bakin coci duk safiyar Talata don kai mata awo.

Talatar da ta biyo baya, ni na raka Hajara. Sista Ladi ta gwada jininta, ta sake gwadawa, ta daina murmushi. Jini ya hau sosai. A ranar aka tura mu babban asibiti, aka riƙe ta har ta sauka lafiya. Yarinyar da aka haifa yanzu tana aji biyar, ita ke gyara mini rubutu in na karkace. Ba na son tunanin abin da zai faru da an ƙara mako biyu.

Daga nan zaman ya zama na kowane wata. Aka yi maganar kwata da sauro, aka yi ta tsofaffin da ba su da mai kai su asibiti, aka yi ta bayan gidan makaranta. Wasu abubuwan sun yiwu, wasu har yau muna jan su. Kujerar dai kullum tana tsakiya, kuma ba a tashi sai an tambaya wa ya kamata ya zauna a kai. Da Mama Rifkatu ta rasu, na ɗauka zaman zai bi ta. 'Ya'yanta suka miƙo mini kujerar ta saman katanga, suka ce ta ce a ba mai rubutu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ruwa yanzu da hasken rana yake tashi, kullum akwai. Na san za ta yi guɗa. Sista Ladi ta yi ritaya, wata yarinya mai hankali ta gaje ta. Mu 'yan zaman kuma mun samu zauren hira a waya, saƙo kan isa kafin shayi ya huce. Wannan ne ban san ko za ta so ba, ita da take cewa zumunta a ƙafa take.

A zaman watan jiya ana shirin rigakafin yara, matasa suka ce a saka sanarwa a waya, magana ta ƙare. Ni ba mai magana ba ce a taro, shekara da shekaru alƙalami ne bakina. Amma na dubi kujerar nan babu kowa a kai, na ɗaga hannu na ce, "Masu nonon da ke shigowa ta hanyar Lau da goyo a baya fa, wa zai gaya musu?" Sai Malam Buba, da furfurarsa, ya ce, "To, Rifkatu ta dawo."

Mako ya zagayo aka sake kiran zama, Inna Wuro shugabar masu nono ta zauna a kujerar, ƙwaryarta a gefe. Ta ce safiya ta ciniki ce, nono ba ya jiran allura, amma da azahar suna hutawa a gindin wani mangwaro kusa da kasuwa. Can malamar asibiti ta ɗauki akwatin maganinta ta same su.

Mama Rifkatu ba ta bar gida mai bene ba, ba a kuma sa sunanta a jikin wani gini ba. Ta bar kujera wadda aka ɗaure ƙafarta ɗaya da wayar ƙarfe, da tambaya guda wadda har mai jin kunya irina ta iya yi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sa nata ya bi 'ya'yanta da jikokinta. Asabar ta ƙarshen wata, in Allah ya kai mu, zan goge kujerar in kai ta aji, in ajiye a tsakiya, in koma gefe.