Sau-cikina na Sallah a Hanyar Zango

Wata Laraba ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na tsaya bayan rumbunmu a ƙauyenmu da ke kusa da Sandamu, na waiga ba kowa, na cusa takalmina na taya a ƙarƙashinsa. Washegari za mu taka a ƙasa, ni da kakata Iya Hansai, zuwa gefen Zango inda Goggo Rabi ta haihu. Iya ba ta hawa babur, wai ba ta yarda da abin da ba ya iya tsayuwa da kansa ba.

Iya tana da ƙa'ida: "Ba a doguwar tafiya da baƙon takalmi." Tun saura mako ta sa aka yanka mini nawa daga tsohuwar tayar mota, ta shafe igiyoyinsa da man shanu, ta sa ina zuwa rijiya da shi har ya saba da ƙafata. Muni kam ba a magana. Ni kuwa raina yana kan jan sau-cikina na roba da aka saya mini da Sallah, wanda nake so 'yan Zango su gani. Da safe na ce na taya ya ɓata. Ta yi mini wani irin kallo da har yau nake jin sa a jikina, ta ce, "To Hajiya, sa wanda kike so."

Kafin hantsi ya dubi ludayi robar ta ɗauki zafi, ta fara cin dunduniyata. Na daure don kunya. Da azahar bororo ya fashe, ina jin danshin jini a tafin ƙafa. Hanyar shiru, ba gida, ba matafiyi, sai itatuwan aduwa da ungulu biyu suna kewaya sama, ruwan gorarmu kuma ya kusa ƙarewa. Tsoro ya kama ni, na zauna ina kuka. Iya ta sauke ƙwaryarta, ta cire nata takalmin, ta ɗaura mini da tsumma saboda ya yi mini yawa, ta wuce gaba a kan rairayin nan mai ƙuna ba komai a ƙafarta. Sau ɗaya na ji ta ce "wash". Ta zare ƙayar aduwa daga dunduniya, tsinin ya karye a ciki.

Cikin kwana uku ƙafar Iya ta kumbura ta yi baƙi. A amalanke aka dawo da ita, kuma daga nan ba ta sake wuce zauren gida ba. Dangi suka yi ta cewa taurin kanta ne, da ta hau babur da ba haka ba. Ina zaune a gefen tabarmarta take amsa musu, "Haka ne, laifina ne."

Yanzu mota ke kai ni Zango kafin shayi ya huce, 'ya'yana kuma suna zaɓen takalmi a waya, saboda kala. Nakan so in ji muryar Iya tana yi musu faɗa. Har ta rasu ba ta tona ni ba, ni kuma ban taɓa ce mata ta yafe mini ba.