Maɗacin Bayan Illo

Ranar farko

Kafin assalatu na bar Kende a ƙasa, gatari a kafaɗa. Shekarar da Nasara da Faransi suka kafa turakun iyaka ke nan. Zazzaɓi ya kwantar da Inna kwana tara, kuma jiƙon ɓawon maɗaci kaɗai ke tashinta. Babban maɗacin garinmu kuwa ya bushe. Ni na kashe shi: na zagaye gindinsa na kwashe ɓawon kaf, na kai kasuwa. Saura duk ƙanana ne, ba su yi ɗaci ba.

Da hantsi na wuce Bagudo, da azahar ina bakin Kwara. Wani Basarke mai jirgin ruwa ya haye da ni kan wuri arba'in.

"Maɗaci kaka biɗa? Tahi bayan Illo, ƙasar Faransi," in ji shi.

Na kwana a rugar Fulani, suka ba ni fura, suka ƙi karɓar ko wuri.

Rana ta biyu

Na isa Illo da la'asar sakaliya, ƙafafu sun kumbura. Na sauka gidan wani mai gishiri.

Rana ta uku

A iyaka sojan Faransi mai jar hula ya juya gatarina, ya yi dariya, ya ce in wuce. Tafiya kaɗan sai ga maɗacin. Wallahi sai da na tsaya ina kallonsa. Mutum shida ba su rungume shi. Jikinsa tabo ne bisa tabo har inda hannu bai kai, kowanne ya warke ya rufe, ganye kuwa shar.

Wata tsohuwa mai kula da shi ta riƙe mini hannu.

"Sannu, ɗana. Sari tahin hannu guda gabas, guda yamma. Ba a zagaye shi." Ta nuna wani tabo sama da kaina. "Wanga saran kakana ne."

Na sara yadda ta ce. Ta miƙo laka, na shafe raunin da hannuna, kunya ta rufe ni.

Komowa

Kwana biyu na yi a hanya, ban tsaya cin kirki ba. Na iske Inna da rai, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa tsohuwar nan da Basarken nan. Da Inna ta kurɓi jiƙon ta yamutsa fuska, ta dube ni.

"Ka shafa mai laka?"

"Na shafa, Inna."

"To. Da haka ka yi ma namu, da ba ka tahi ko'ina ba."