Muryar Maigidana a Wayar Mutane

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, har yau ban san amsar tambaya ɗaya ba: da ya bar waƙa, ƙinta ya yi, ko haƙura kawai ya yi? Ban yi karatu ba. Maƙwabciyata a unguwar Rusaifa, nan Makka, ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye. Sunansa kuwa ban taɓa kama shi da bakina ba, ba yau zan fara ba.

A Sabon Garin Kano na san shi, yana saurayi. Ya ji kiɗan baƙaƙen Amurka a faifan garmaho, mai tafiya a hankali kamar mutum na kuka, ya ce Hausa ma za ta hau kansa. Aka yi masa dariya. Makaɗan gargajiya suka ce ya ɓata harshe, masu jita suka ce ya ɓata kiɗa. Bai fasa ba. Ni ce 'yar amshinsa kafin in zama matarsa, kuma kullum faɗanmu ɗaya ne: ina shiga amshi kafin ya sauke numfashi.

Muka zo aikin hajji, muka zauna. Ya sayar da jitarsa tun a Jidda. A unguwar Tandabawi muka kama ɗaki, ya shiga tura alhazai marasa ƙarfi a keken guragu tsakanin Safa da Marwa. Fiye da rabin rayuwarsa a nan ya yi ta, ban ƙara jin ya rera ko baiti ɗaya ba. Sai dai in yana jiran abinci, yatsunsa kan buga gefen tire. In na dube shi sai ya janye hannun.

Gidan nan na Tandabawi an rushe shi. Kabarinsa a maƙabartar Shara'i ba alama, mu mata kuma ba ma shiga. Muryarsa ma ta fara ɓace mini. Sai bara wata mai sayen turarena ta kunna waya, na ji shi, na ji kaina a bayansa ina yarinya. Wai wani a Kano ya sami tsohon faifai ya sa a intanet. Ban iya ba ta canjinta ba, sai zama na yi a ƙasa.

Autanmu Faisal, da aka haifa a nan, bai ji daɗi ba. Ya ce, "Ummi, halas, ya isa haka. Duk wanda ya saurara, Baba ake ƙara wa nauyi a kabari. Ki yi wa masu sa shi magana a cire, ke za su ji." Ya miƙo mini wayarsa. Yaron kirki ne, tsoro yake ji wa ubansa. Ni ma ina ji. Amma in aka cire, ba ni da sauran inda zan ji shi.

Nakan ce, da yana raye me zai yi? Wataƙila ya sunkuyar da kai ya ce a kashe. Wataƙila ya tambayi ina mai busa ƙahon da ke cikin faifan yake yanzu. Ban sani ba, shi ya sa har yau ban aika saƙon ba, ina roƙa masa gafara a kowace salla.

Da kalmar shahada ya cika, Faisal ne shaida. Amma da hantsin ranar, da yaron ya fita neman motar kai shi asibiti, ina shafa masa ruwa a goshi, na ji yana gunjin waƙar nan ta cikin faifan can ƙasan maƙoshi. Ban san sanda bakina ya ɗauki amshi ba. Ya buɗe ido, ya ɗan murmusa, ya ce, "Hajjo, kin yi saurin shiga. Ki jira in sauke numfashi."