Maɓallin da Ya Nutse a Ƙasan Akwati

A ofis ana kiransa Mai Akwatuna, don aikinsa ke nan shekara tara: ya zana akwati a fuskar waya, ya sa wani a cikinsa, ya sa wani a cikin wancan, ya yanka wa kowanne faɗi da tsayi. Ga iya aiki, ga taurin kai. In ya ce abu daidai yake, ko da hujja ka zo sai ya tambaye ka wace irin waya kake riƙewa.

Shi ya gina shafin neman ganin likita na wani asibitin ido. Ƙorafi ya yi ta zuwa cewa maɓallin aikawa ba ya fitowa. Ya duba a kwamfutarsa, ga maɓalli ɓaro-ɓaro. Sau goma sha ɗaya yana rufe ƙorafin da cewa ba a ga matsala ba.

Wata Asabar da hantsi ya je gaida gwaggonsa, wadda ta raine shi, take kuma fama da hawan jinin ido. Ya tarar tana laluben kofi a kan tebur.

"Gwaggo, ba ki koma asibiti ba?"

"Wata huɗu ina cike abin nan na waya, ɗan nan. In na kai ƙarshe sai ya tsaya. Na ce ko layi ne bai zo kaina ba."

Ya karɓi wayar. Shafin da ya gina ne. Ashe ta ƙara girman rubutu har ƙurewa, kamar yadda duk mai ciwon ido zai yi. Rubutu ya kumbura, akwatin ciki ya tura na ƙasa, na waje kuwa ya ƙi miƙewa, don shi da hannunsa ya ƙayyade masa tsayi, ya kuma hana shafin gangarawa. Maɓallin yana can ƙasa inda yatsa ba ya kaiwa. Shafin masu ciwon ido, amma bai taɓa gwada shi da manyan haruffa ba.

Gyaran bai ci minti biyar ba, layi ɗaya ya goge a cikin umarnin da ya rubuta wa shafin. Ranar Litinin ya kai ta asibiti, likita ya ce bakin alƙalami ya bushe a kan idon hagu, na dama za a yi ƙoƙari.

A hanyar gida ta riƙe hannunsa tana sa masa albarka, don ya bar aiki ya rako ta. Ya buɗe baki zai gaya mata gaskiya, sai ta riga shi.

"Shi ma wanda ya haɗa abin nan, Allah ya yafe masa. Bai san da irinmu ba."

Ya ce amin.