Hanne Mai Duba Murhu

A Balan aka haifi Hanne, 'yar maginiyar tukwane, aure ya kai ta Ajingi. Tun tana yarinya, in ta ƙwanƙwasa randa takan san ko tana yoyo. Da gwamnati ta fito da shirin shiga gida-gida kyauta, a duba yadda itace da ruwa suke ƙarewa, a koya wa mutane tsimi, sai aka ɗauke ta, tunda maza iyakarsu zaure.

Sati biyu tana yawo da sikeli da takarda, Malam Bashir, shugabansu, ya kira ta ofis a Gaya.

"Malama Hanne, gidan mutum shida ne zai cinye itace dami biyu da ruwa jarka goma sha biyu a wuni? Ko a ɗaki kika zauna kika rubuta? Kwana bakwai na ba ki ki kawo lissafin gaskiya, ko a ba wani aikin."

Rasa aikin bai dame ta kamar a ce ta yi ƙarya ba. Tana cikin a-daidaita-sahu abin ya faɗo mata. Ashe duk gidan da aka ce za ta je, baƙuwar gwamnati ake tara: a yayyafe tsakar gida, a hura murhu biyu, har zakara a yanka. Karamcin mutane take aunawa, ba zamansu na kullum ba.

Washegari ta cusa takarda a jaka, ta ɗauki gyaɗar ɓara, ta tafi gidan Iya Lami, tsohuwar maƙwabciyarsu a Balan. Ran farko aka tarbe ta da shinkafa da miya. Na biyu taliya. Na uku tuwon dawa, ba ko man shanu. Ran na huɗu tsohuwa ta gaji.

"Ke Hanne, korar ki aka yi daga gidan miji? Tunda kin zama tabarma, tashi ki iza min wutar nan."

"To Iya, Allah ya huci zuciyarki."

Ran nan ta auna: rabin dami, jarka huɗu. Ta kuma ga abin da kunyar baƙo ta ɓoye. Bakin murhu yana kallon iska, tukunya ba murfi, gindin randa jiƙe sharkaf. Ta kwaɓa yumɓu ta yi wa murhun katanga, ta liƙe randar, ta ja 'yar hanyar ruwa daga wurin alwala zuwa gindin zogale.

Malam Bashir ya karanta takardar, ya ɗago ya dube ta.

"Gida ɗaya, kwana huɗu? Ai sai jikokinmu su ƙarasa."

"To ranka ya daɗe, a daina shelar ranar zuwana."

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Na zarge ki, Malama. Ki yafe min."

Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta tambayi unguwar da za ta shiga gobe.