Inda Inna Take Sassauta Murya

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar Damagaram ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Da Baba ya kwaso mu, ni da ƙannena biyu, zuwa N'Djamena saboda kasuwancin atamfa, ita ta zauna can tana jinyar tsohuwarta. Ba ta karatu ba ta rubutu, don haka kaset take aiko mana ta hannun direbobin manyan motoci.

Mukan taru a tsakar gidanmu na unguwar Ambassatna a danna rikoda. Ta gai da Baba, ta kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya da suna, ta yi musu faɗan salla da na yawo. Ni ko oho. Sai can ƙarshe, bayan ta yi sallama kowa ya miƙe, ta sassauta murya kamar mai magana da kanta, ta ce, "Wancan kuma, a ce masa ya riƙa cin abinci." Wani lokaci ciwon kaina take tambaya. Nakan manna kunne a jikin rikodar, in mayar baya, in sake ji. Rabona ke nan daga uwata, kuma ya ishe ni.

Haka shekarun casa'in suka wuce, kaset suka cika kwalin sabulu. Ni kuma na shiga karatun lantarki. A farkon shekarun dubu biyu, lokacin da kwamfuta ta fara shiga shaguna, aka tura ni kudu koyon aiki. Ƙanina mai bi na, sarkin rawar kai da son sabon yayi, ya sungumi kwalin ya kai wa wani mai shagon kaset don a juye a faifan sidi. Da na dawo ya miƙo mini faifai ɗaya tal yana washe baki.

"Yaya, duk Inna tana cikin nan. Zafi ba ya cin wannan."

Na tsargu tun kafin in saka shi, don a aji an koya mana abin da ake yi wa sauti kafin ya shiga kwamfuta. Murya gudana take yi kamar ruwa, na'ura kuwa ba ta iya ɗaukar ruwan duka, sai dai ta riƙa ɗiba da ludayi, sau dubbai a kowace daƙiƙa. Abin da ya wuce tsakanin ɗiba da ɗiba ya wuce ke nan. Sannan kowace ɗiba a auna ƙarfinta, a ɗora ta a kan mataki mafi kusa da ita, a rubuta lambar matakin. In matakan suna da yawa, kunne ba ya jin bambanci. In kaɗan ne, duk sautin da bai kai rabin matakin farko ba sifiri ake rubuta masa.

Mai shagon, don ya cusa kwali guda a faifai ɗaya, ya zaɓi ɗiba mafi ƙanƙanta da matakai mafi ƙaranci, kuma bai ko ƙara ƙarfin sautin ba. Faɗan Inna ya tsira, sai dai ya koma kamar na mai magana ta wayar tarho mai nisa. Amma inda take sassauta murya, babu komai sai 'yar ƙara mai ƙaiƙayin kunne da shiru.

Na tafi shagon raina a ɓace. Mutumin yana shan shayi, ko tashi bai yi ba.

"Ina kaset ɗinmu?"

"Kalas, sun ƙare," in ji shi. "Ƙaninka ya ce ba ku bukata. Na ɗora waƙoƙin Sudan a kai, duk sun tafi."

Na ce masa ya zubar da rabin maganar. Ya ce shi dai ya ji tsohuwa tana magana ras, in ina da ƙorafi in kai wa kwamfuta. Na juya na fita. Na kai faifan wurin malaminmu na lantarki, muka buɗe shi a kan allon kwamfuta, muka ƙara ƙarfi iya ƙarfi. Inda take sassauta murya, zanen sautin layi ne miƙaƙƙe da ɗan tsalle nan da can. Malam ya ce sifiri ko sau nawa aka ninka shi sifiri ne, ya ba ni haƙuri.

Na so in roƙi Inna ta sake wani kaset, amma ta yaya ɗan fari zai ce wa uwarsa ta yi maganarsa? Kafin in sami bakin faɗa, ta rasu.

Bayan mun dawo daga zaman makoki, ƙannena suka ce a sa faifan. Muka zauna da matanmu. Inna ta kira wannan, ya fashe da kuka. Ta kira wancan, shi ma ya sunkuyar da kai. Ta yi sallama, shirun nan ya fara, ni kuma na matsa kusa, don na san daidai wurin. Sai ƙanina ya share hawaye, ya miƙa hannu ya danna maɓallin wucewa gaba.

"Nan babu komai, Yaya," in ji shi.